Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Wannan Shekara

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, malamaina da sauran 'yan uwa maza da mata. Na tura wannan rahoto na ƙungiyarmu mai wayar da kai kan haɗarin nukiliya zaurenmu na WhatsApp mako guda kafin babban taro domin kowa ya karanta a gidansa a natse, kada a zo ranar wani ya ce bai gani ba.

Taron wata-wata mun yi 9 cikin 12. Ɗaya ya faɗo cikin azumi, biyu kuma adadin mahalarta bai cika ba.

Zan fara da kuɗi, domin duk abin da ya gagare mu bana daga nan ya faro. A rajista muna da mutum 63. Waɗanda suka biya kuɗin wata cif-cif har ƙarshen shekara su 19 ne. Wasu 14 sun biya wata uku ko huɗu suka ɗauke ƙafa. Sauran kuwa ko sisi. Naira 1,000 ce fa a wata, kuma ku da bakinku kuka yanke ta, ni ban sa ta ba. Ni da ma'aji mun bi mutane har gida, daga Samaru zuwa Tudun Wada, daga Wusasa zuwa cikin birni, da man mashin ɗinmu. Akwai gidan da na yi sallama sau huɗu, kowane zuwa yaro ya leƙo ya ce Baba ya fita, ga takalmansa a bakin zaure. Na san halin da ake ciki, ni ma daga kasuwar nan nake cefane. Wanda ya zo ya ce mana ba shi da shi, wallahi mun ɗaga masa, kuma mutum biyar sun yi hakan, Allah ya saka musu da alheri. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ba zai biya ba, ba zai zo taro ba, amma shi ne na farko a tambayar ina na'urar da aka ce za a saya.

To ga amsar. Na'urar da muka yi alkawari bara ta awon tururin nukiliya, wato ƙarfin nan marar ganuwa mai cutar da jiki da wasu sinadarai ke fitarwa, ba a saye ta ba. Kuɗin da muka tara bai kai rabin farashinta ba, kuma da dala ake sayen ta, kafin mu tara wannan ta ƙara tashi. Wasu sun ce me ya hana mu ɗauki ƙaramar nan mai araha da ake talla a intanet. Kwamitin fasaha ya ƙi, ni kuma ina bayansu. Na'urar da ba a daidaita awonta ba tana iya yin kuwwa a kan ƙarfen da ba komai jikinsa mu tayar da hankalin unguwa, tana kuma iya yin shiru a kan abin da zai kashe mutum. Kuɗin na nan a asusu, ba wanda ya taɓa su, rasit duk suna hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Ƙasidar Hausa kan gwajin bam ɗin Faransa a Sahara ita ma ba ta fito ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo domin rubutun ya kammala tun kafin damina. Mun rubuta yadda Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, kudancin Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, tsakiyar lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar hamada tana zubo mana. Huɗu ta tayar a sararin sama a can, sannan 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker har zuwa 1966. Mun kawo yadda gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda wannan gwaji, Najeriya tana da wata uku kacal da samun 'yancin kai. Matasanmu da yawa ba su taɓa jin wannan ba. Akwai babi kan Arlit a Nijar, inda aka shafe shekaru fiye da 50 ana haƙar yuraniyom, ma'adinin da ake makamashin nukiliya da shi, aka rufe mahaƙar Cominak a 2021 aka bar tsibin dusar ma'adini mai tururi kusan tan miliyan 20 a gefen garin Akokan. Hausawa 'yan uwanmu na cikin masu shaƙar iskar wurin. Duk wannan yana cikin kwamfutata. Mai ɗab'i ya ce a ba shi rabin kuɗi kafin ya taɓa aiki, ba mu da shi. Ɗan uwan da ya ɗauki nauyin mayar da ita ajami don tsangayu da dattawa ya karɓi kwafi a watan Mayu, har yau ban ga shafi ɗaya ba, kuma ya daina ɗaukar wayata.

Sai ziyarar Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. A nan laifin namu ne gaba ɗaya. Wuri irin wannan ba a shigarsa kamar kasuwa, sai an rubuta takarda da sunayen masu zuwa tun da wuri. Na nemi sunaye 15 da hotuna, wata biyu ina roƙo, shida suka kawo. Ban ga dalilin rubuta wa manyan malamai takarda da sunan ƙungiya mai mutum 63 ba sannan mu je mu shida.

Da mun je, da wataƙila an huta da abin da ya faru a zaure cikin watan Yuli, lokacin da wani ya turo saƙon murya wai akwai bam a Samaru, wasu har suka watsa shi waje. Ina roƙon ku da girman Allah a daina. Abin da ke cibiyar ƙaramin injin nukiliya ne na bincike, ƙirar Sin, ya fara aiki a 2004, ƙarfinsa wajen kilowat 30. Ba ya ba da lantarki, da shi ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci. Wanda ya fashe a Chernobyl a 1986 ya ninka shi fiye da sau 100,000. Kuma a 2018 an cire masa yuraniyom mai ƙarfin inganci, irin wanda ake tsoron a yi makami da shi, aka mayar Sin, aka sa masa mai ƙaramin inganci. Wannan ba ya hana mu tambayoyinmu: ina ake ajiye sharar da ke fitowa, me maƙwabta ya kamata su yi in an sami matsala, wa za a kira. Haƙƙinmu ne mu tambaya, don haka ma aka kafa ƙungiyar nan. Amma ranar da aka san mu da yaɗa ji-ta-ji-ta, ba mai sake sauraronmu, ko a kan wannan ko a kan manyan tashoshin lantarki na nukiliya da aka daɗe ana maganar ginawa a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom.

Yanzu ga abin da ya sa ban ajiye littafin nan ba tun tsakiyar shekara: zamanmu da 'yan gwangwan a Sabon Gari.

Shawarar ta fito ne daga bakin ɗaya daga cikin iyayenmu mata, wadda ta yi aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti har ta yi ritaya. Ita ta ce mana mun cika hangen bala'in nukiliya na Fukushima da Hiroshima a can Japan, alhali haɗarin da ya fi kusa da Bazazzagi yana iya zuwa ne a cikin kurar ɗan bola jari. Na'urorin gashin cutar daji, da na duba walda a bututun mai, da wasu ma'aunai na masana'antu da na aikin titi, duk suna ɗauke da ɗan ƙwayar sinadari mai tururi a cikin kwanson dalma. In kamfani ya mutu ko aka yi gwanjon tsofaffin kaya, ƙarshensu wurin masu sayen ƙarfe. Dalma kuwa tana da nauyi a sikeli, tana da kuɗi, ba yaron da zai gan ta bai sa guduma da kurfi ba.

Mun je mun gai da shugabanninsu sau uku kafin su yarda. Da farko sun ɗauka gwamnati ce ta turo mu leƙen asiri, ko kuma maganar kayan sata ce za a sake ɗora musu. Sai da Alhaji, uban ƙungiyarmu, ya taka da kansa ya zauna a kan benci cikin tarin rodi da tsofaffin injina ya sha shayi da su. Ranar taron mun shirya kujeru 40. Mutanen da suka zo sun haura 100, har da yaran da suka ajiye kurarsu a bakin hanya suka tsaya a rana. Daga cikin 'yan ƙungiya kuwa mu 11 ne muka halarta, kuma sunayen nan 11 su ne dai na kullum.

Hajiya, wadda ta kawo shawarar, ba ta yi musu lacca ba, labari ta ba su. Ta ce a garin Goiânia na ƙasar Brazil, a watan Satumba 1987, wasu mutum biyu masu irin sana'arku suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi suka kwance kan wata na'ura, suka kai gida a baro, suka fasa. Suka sayar wa wani mai gidan gwangwan. Da dare ya ga abin yana wani haske shuɗi mai kyau, ya shigar da shi ɗaki, ya riƙa kiran 'yan uwa da abokai suna kallo, yana ɗiban garin da ke cikinsa yana ba su. Wata yarinya 'yar shekara shida, 'yar ɗan uwansa, ta yi wasa da shi ta ci abinci da hannun. Mutane suka fara amai da gudawa, fata na ƙonewa ba wuta, likitoci suka zaci wata cuta ce daban. Matar mai gidan ce ta lura tun da abin nan ya shigo kowa ke ciwo, ta sa shi a jaka ta hau motar haya ta kai wa jami'an lafiya. Ta ceci garin, amma ita ba ta tsira ba. Ita da yarinyar da yaran shagon biyu suka rasu. Mutum kusan 112,000 aka auna, aka sami 249 da sinadarin a jikinsu ko kayansu, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wurin. Garin sinadarin da ya yi wannan ɓarna, siziyom ake ce masa, bai kai cikin tafin hannu ba, kuma sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Da ta zo kan yarinyar, wurin ya yi tsit, har mai yankan ƙarfe na maƙwabta ya kashe injinsa. Ta ƙara musu da cewa an sake irin haka a Tailan a 2000, mutum uku suka mutu, sannan a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi a 2010.

Sai muka ɗaga allon alamar tururi, mai fukafukai uku baƙaƙe a kan ruwan ɗorawa, muka ce wa ya san wannan. Wani yaro da bai wuce 14 ba ya ce, "Malam, ai fanka ce." Da yawa suka gyaɗa kai. Mutum huɗu kawai suka san haɗari take nufi. Ba laifinsu ba ne, an sami irin wannan ruɗani a ƙasashe da dama, shi ya sa a 2007 hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta fito da ƙarin alama, ja mai kusurwa uku, da ƙoƙon kan mutum da hoton wani yana gudu. Duka biyun muka nuna musu, muka maimaita abu huɗu har suka haddace: kar ka taɓa, kar ka fasa, yi nisa ka kori mutane, kira hukuma. Muka gaya musu akwai hukumar tarayya mai kula da wannan, NNRA, kuma tururin ba ya wari, ba a ganinsa, ba a jin zafinsa sai ya gama aiki.

Bayan an tashi wani dattijo ya riƙe hannuna. Ya ce, "Ɗana, shekarata 35 ina wannan sana'a, yarana uku a cikinta suke. Ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya mana abin da zai tsare ranmu, sai dai a zo kama mu." Ya karɓi takardar alamar guda biyar ya ce zai liƙa a jikin sikelinsa. Na koma wurin bayan wata guda, tana nan a liƙe, ya rufe ta da leda saboda ruwa. Shugabanninsu kuma sun roƙi mu zo da na'ura mu riƙa duba manyan kaya kafin a loda mota. Nauyin bakina ya hana ni gaya musu cewa ba mu da ita. Na ce musu in sha Allah.

Duk abin da aka kashe a taron, kujeru da lasifika da ruwan leda da buga takardu 200, daga aljihun mutum bakwai ya fito, ba a taɓa kuɗin na'ura ba. Allah ya biya su. Godiya ta musamman ga matasanmu ɗalibai uku da suka kwana suna yanka takardu, alhali washegari suna da jarrabawa.

Abin da kwamitin zartarwa zai gabatar a babban taro uku ne. Na farko, duk wanda ya shekara bai biya ba, bai halarta ba, bai kuma kawo uzuri ba, a cire sunansa daga rajista da zaure. Na biyu, a buɗe gudummawa ta musamman don na'ura, a rufe ta kafin azumi. Na uku, a kai irin taron Sabon Gari zuwa Tudun Wada da Kwangila, domin can ma sun aiko.

Wa'adina ya cika bana, kuma ba zan sake tsayawa ba. Zan ci gaba da aikin 'yan gwangwan in an bar ni, amma bin bashi sai a samo wani. Littafin rajista, fayil ɗin wasiƙu da kwafin ƙasida duk zan zo da su ranar Asabar. Za a fara ƙarfe huɗu daidai bayan la'asar, a inda muka saba. Mai bashi ya taho da abin da ya sawwaƙa, ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafin rasit.

Wassalam,
Sakatare