Na kasa cire kaki a bakin ƙofa, gidana yana neman kuɓuce mini

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da ƙoƙari, ke da duk masu taya ki aiki a wannan fili. Allah ya saka da alheri. Na daɗe ina karanta amsoshin da kike ba mutane, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki biro ba. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu. A Jos matan Hausawa masu sa kaki ba mu da yawa, da an faɗi kaɗan za a gane ni.

Ni 'yar sanda ce, sufeto, shekarata 17 a aiki. A Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna na yi horo, aka turo ni Filato, ban daɗe da zuwa ba rikicin Nuwamban 2008 ya ɓarke. Da shi na buɗe ido a aikin. Na yi aure a 2012, yanzu 'ya'yanmu uku: babbar mace ce mai shekara 12, sai namiji mai 9, sai auta mai 4. Maigidana ɗan kasuwa ne a Farin Gada, yana loda tumatir da kabeji da dankalin Turawa zuwa kudu.

Zan fara da faɗin alherinsa, don kada masu karatu su ɗauka mugun miji nake kawo ƙara. A zamanin da za mu yi aure, dokar aiki ta ce mace 'yar sanda ba ta aure sai ta shekara 3 tana aiki, sannan ta rubuta wa kwamishina takardar neman izini, ta sa sunan manemin da sana'arsa da inda yake zaune, a binciki halinsa. Mutumin nan ya jira. Ya sha ba'a wurin abokansa na kasuwa, suna kiransa angon da sai hukuma ta sa hannu, bai fasa ba. A watan Agustan 2021, da aka sa dokar hana fita ta awa 24 bayan harin hanyar Rukuba, na kwana huɗu ban taka gida ba, ga auta tana wata biyar a nono. Shi ya riƙa dama mata madara da tsakar dare, ya goya ta da zanena don ta ji ƙamshina ta yi barci. Ni kuwa ina can ina matse nono a banɗakin ofis ina zubarwa, ina kuka ba mai gani. Lokacin zaɓen 2023 aka kai ni wata ƙaramar hukuma mai nisa, kwana uku, wayata ba ta samu sai na hau tudu. Bai ce mini uffan ba. Ƙarshen shekarar 2023 da aka kai hare-haren Bokkos da Barikin Ladi a nan Filato, hutun da na nema don bikin ƙanwarsa ya sha ruwa, shi ya tsaya gaban danginsa ya kare ni.

Zamanmu na yau da kullum kuwa ga yadda yake. Makon da nake aikin dare, ina shigowa da sanyin safiya hannuna ya ƙage, shi kuma ya riga ya fita tun bayan sallar asuba don ya tari motocin kaya. Wani lokaci a bakin layi muke haɗuwa, ni ina sauka daga keke shi yana neman na hawa. "Sannu da aiki." "A dawo lafiya." Shi ke nan maganar miji da mata ta wannan ranar. A takarda akwai lokacin tashi, amma in an kawo yarinya da ƙarfe biyar na yamma jini yana bin ƙafarta, ba za ki dubi agogo ki ce lokacinki ya yi ba.

A sashen da ke kula da ƙarar mata da ƙananan yara nake. Anti, abin da idona ya gani a teburin nan ba zai rubutu a jarida ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawancin masu ɓata yaran nan ba baƙi ba ne. Mai shagon layi ne, maƙwabci ne, wani lokaci na cikin gida ne. Sau da yawa uwa za ta zo da hijabi har ƙasa, ba ta jin Turanci, ta kasa buɗe baki gaban maza. Da na ce mata "Baiwar Allah, zo mu zauna daga ciki," sai ki ga ta saki ajiyar zuciya, magana ta fito. Saboda irin waɗannan matan nake son aikina. Ba kuɗin ne kaɗai ya riƙe ni ba.

Da can ina ɗauka matsalar gidana rashin lokaci ce kawai. Sai wata biyu da suka wuce na gane ta wuce nan.

Ran nan babbar 'yata ta makara daga Islamiyya, kusan minti 40. Ina gida, ban je aiki ba. Tana shigowa na kai ta ɗaki na rufe ƙofa, na ce ƙaninta ya tsaya a waje kada su haɗa baki. Na tambaye ta ƙarfe nawa aka tashi, da wa ta fito, ta wace hanya ta biyo. Na sake jero tambayoyin daga ƙarshe zuwa farko, in ga ko maganarta za ta canza. Na fita na tambayi yaron shi kaɗai, na dawo na ce mata bayaninsu bai zo ɗaya ba. Ban ɗaga mata hannu ba, ban ma ɗaga murya ba. Da muryar da nake wa wanda ake tuhuma na yi mata magana, a hankali, ido cikin ido. Yarinyar nan jikinta yana rawa ta ce, "Umma, ni ba ɓarauniya ba ce."

Sai da daddare maƙwabciyarmu ta leƙo ta ja ni gefe. Ashe yarinya ta fara al'ada tun watan da ya gabata. Ranar ma abin ne ya zo mata a makaranta ya ɓata mata kaya, ta biya gidan maƙwabciyar ta gyara jikinta. Ita ta koya mata yadda ake sa audugar mata, ita ta koya mata wankan tsarki. Da ta tambaye ta don me ba ta gaya wa uwarta ba, sai ta ce tana tsoron in yi ta yi mata tambayoyi.

Anti, ni da 'ya'yan wasu suke faɗa wa abin da suka kasa faɗa wa iyayensu, tawa 'yar ta kai sirrinta gidan maƙwabta. Daren nan ban runtsa ba.

Da na gaya wa Abbansu, na zaci zai ba ni haƙuri. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Ai ba ita kaɗai ba ce. Ni ma shekara nawa ke nan ina zaune a caji ofis." Ya tuna mini abubuwan da ni ban ɗauke su komai ba. In ya ce ya tsaya wurin abokinsa, sai na tambayi wane abokin, a ina, har ƙarfe nawa, bayan kwana biyu in sake tambaya ta wata fuska. In wayarsa ta yi ƙara ya fita amsawa, in ya dawo zai tarar ina karantar fuskarsa. Na hana yara shiga gidan kowa, na hana su zuwa shago su kaɗai, ko kawunsu uwa ɗaya uba ɗaya da shi ban yarda ya ɗauki auta ya fita da ita ba, kuma kawun ya lura, ya daina zuwa gidan. Ya ce ba ya tuna ranar ƙarshe da na yi dariya har haƙorana suka fito. Na so in musa, na rasa ta inda zan fara, domin duk abin da ya lissafa na yi shi.

Wallahi ba zarginsa nake ba, ban taɓa kama shi da komai ba. Kaina ne ya saba. Wanda ya wuni yana jin ƙarya iri-iri, kunnensa ba ya iya hutawa ko a kan gadonsa. Ina cire kaki in rataye, in sa atamfa, amma matar da ke cikin atamfar sufeto ce har yanzu.

Dangin miji kuma nasu daban ne. Shekara da shekaru Hajiya surukata tana ƙorafin fitata ba lulluɓi, ko da yake da hijabi nake rufe kakin daga gida sai na kusa ofis in cire. Da aka amince mata 'yan sanda su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula a 2022, wannan ta lafa. Sai bara aka kama jikanta, ɗan wan maigidana, cikin yaran sara-suka da wuƙa a jikinsa. Ta aiko a kira ni ta ce, "'Yar nan, mene ne amfanin kakinki in jininmu zai kwana a bayan kanta?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, akwai yaron da aka sara yana kwance a asibiti, shi ma ɗan wata ne." Na taimaka aka bi hanyar beli yadda doka ta tsara, ban yi abin da ya wuce haka ba. Tun daga ranar gaisuwata kawai take amsawa. A gidan suna ko biki kuwa, ina shiga ɗaki hira take mutuwa, sai in ji ana cewa a hankali, "Hukuma ta iso." Ƙawayen da nake da su na gaskiya ba su wuce biyu ba, su ma masu kaki ne.

Yanzu ga inda aka tsaya. Makon jiya maigidana ya zaunar da ni, cikin mutunci, ba faɗa ba zagi. Ya ce ya ba ni daga nan zuwa azumi in yi tunani. Abin da ya fi so in ajiye aikin, zai kama mini shago ya zuba mini atamfofi da kayan yara. In ba zan iya ba, in nemi a mayar da ni aikin ofis na rana zalla, in bar teburin nan da yake cinye ni. In duka biyun sun gagara, to shi zai ƙara aure, kuma ya rantse ba don ya ƙuntata mini ba ne, yana so ya dawo gida ya tarar da wanda zai yi hira da shi. Maganar ta soke ni, amma ban ga ƙarya a idonsa ba.

Ajiye aiki ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ana ritaya ne a shekara 35 ta aiki ko shekara 60 ta haihuwa, ni ko rabi ban cika ba. A tsarin fanshon da muke ciki, wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara kawai zai iya cira, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Na ga dattawan da suka cika shekarunsu cif suka fito zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025 saboda abin da suke karɓa ba ya riƙe su, ina ga wadda ta fita a tsakiya? Mahaifiyata tana da ciwon suga, daga albashina ake sayen maganinta, ni ke biya wa ƙanena kuɗin makaranta. Kasuwar gwari kuma kin san halinta, mota ɗaya ta lalace a hanya kwana biyu, tumatir ya ruɓe, jari ya tafi. Sau biyu hakan ta same mu, albashin nan da ake rainawa shi ya riƙe gidan har ya farfaɗo.

Komawa aikin rana kuma ba a hannuna yake ba, sai na rubuta na roƙa, a ba ni ko a hana. Ga shi ana sa ran kiran mu tantancewar ƙarin girma zuwa ASP, muƙamin da ke sama da sufeto, abin da na shekara ina jira, kuma ƙarin girma yakan zo da canjin wurin aiki. In sigina, wato takardar umarni daga sama, ta fito da sunana zuwa wata jiha, ba a cewa a'a. Ko an ba ni aikin ranar ma, akwai abin da yake damuna: wa zai zauna a teburin nan? Na san akwai wasu, ban ce ni kaɗai ce mai iyawa ba. Amma idan na tuna fuskar uwar da ke tsaye a bakin kantar caji ofis tana neman wanda zai ji yarenta, sai in ji kamar na gudu na bar ta.

Tsorona mafi girma shi ne in ajiye aikin, in zauna a shago, in tarar halin yana nan. In rasa aiki, kuma 'yata ta ci gaba da kai maganarta gidan maƙwabta. Na gwada gyarawa da kaina. Na saya mata audugar da sabbin kayan ciki, na zauna bakin gadonta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai Umma," tana kallon ƙasa, irin amsar da ake ba babba don a rabu lafiya. Na buɗe baki in ja ta da hira, sai na ji tambaya ce take shirin fitowa, na haɗiye. Muka yi shiru har na tashi.

Anti, ki dube ni kamar ƙanwarki ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Wace hanya uwa take bi ta dawo da 'yar da ta riga ta ji tsoronta, tun kafin ta kai shekarun da za ta rufe mini ƙofa gaba ɗaya? Akwai wanda irinmu suke zuwa wurinsa su sauke abin da suka gani a aiki, ba tare da an ce sun taɓu ba? Ni ban taɓa zama da kowa na faɗi ko kashi ɗaya ba, har maigidana, saboda sirrin mutane ne kuma ba na so in ɗora masa. Shin kuskure ne wannan ɓoyewar? Maganar ƙarin aurensa kuma, in sa manya a ciki, ko in bar ta tsakanina da shi? Mahaifiyata ba ta sani ba har yanzu, ina tsoron abin da zai yi wa jikinta.

Idan a cikin masu karatu akwai matar da ta yi aikin kaki, ko na asibiti, ta riƙe aurenta har 'ya'yanta suka girma suna sakin jiki da ita, ina roƙonta don Allah ta rubuto ta faɗi yadda ta yi. Ina istihara, amma azumi yana ta matsowa, ni kuma ranar Litinin zan koma aikin dare.

Wassalam.

Taki,
Wata 'yar sanda daga Jos