Motar otal zuwa filin jirgi: a daina tsayar da mota saboda mutum ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in taɓo wata magana da ake rainawa, amma tana ci wa baƙinmu na Arewa tuwo a ƙwarya idan sun zo Legas. Maganar motar haɗaka ce da wasu otal-otal na Tsibiri, wato ɓangaren Legas na can gefen ruwa irin su Victoria Island da Ikoyi, suke tanada don kai baƙinsu filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja.

Ni mazaunin Agege ne, kasuwancina a kasuwar Balogun yake. Duk Bahaushen da ya daɗe a Ikko ya san ba a raba shi da baƙi: wannan ya zo taro a Victoria Island, wancan ya zo neman biza, wata ta zo ganin likita a Ikoyi, wani ya zo ɗaurin auren ɗan abokin cinikinsa a Lekki. Suna sauka a otal can gefen ruwa, amma ranar komawa kai za a kira a ce, "Alhaji, yaya za mu yi mu kai filin jirgi?" Amsar da na saba bayarwa ita ce su shiga motar otal in akwai, kuma har gobe ita zan faɗa. Sai dai akwai gyara.

Amfaninta ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin shatar mota daga Tsibiri zuwa Ikeja ya wuce yadda aka san shi. Masu kiran mota ta waya kuma sun san halin Bolt da Uber: da zarar hadari ya haɗo ko an tashi daga ofis, kuɗin ya haye sama, wani direban ma ya ji an ce Ikeja da yamma sai ya soke tafiyar. A motar haɗaka kuwa kuɗin kujera kawai za ka biya, wani otal ɗin ma yana sa shi cikin kuɗin ɗaki. Direban sananne ne, an san inda za a neme shi idan jaka ta ɓata. Baƙon da bai san gari ba, ga akwati ga jakar hannu ga takardun asibiti, ba zan taɓa ce masa ya tsaya bakin titi da asubar fari yana tsayar da motar da bai san mai ita ba. Mun sha jin labarin 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, a garin nan, ba sai na tsawaita ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin tashi. Wasu otal-otal sun mayar da motar nan kamar motar tasha, wadda ba ta motsi sai ta cika. Za a rubuta maka ƙarfe shida a takarda, ka sauko da kayanka tun shida saura, a sa su a but, ka zauna. Shida ta yi, shida da kwata ta yi, direba na tsaye yana danna waya. Ka tambaya, a ce maka saura mutum ɗaya, yana sama yana shiryawa.

Na ga irin wannan da idona ranar da na je sallamar gwaggona, wadda ta zo daga Kano duba idonta. Motar yamma za ta bi. Mutum biyar suna ciki, har da wata baiwar Allah mai goyo, aka tsayar da su saboda wani babban mutum da bai gama cin abinci ba. Abin takaici, shi ma ɗan uwanmu ne, da babbar rigarsa da hularsa. Na je wurin mai karɓar baƙi na ce masa jirgin Hajiya ba zai jira ba, ya ce shi ba zai iya cewa direba ya tafi ya bar wancan ba, babban baƙonsu ne, yana sauka wurinsu kullum. Na koma wurin Gwaggo na ce ko in sama mata wata mota. Ta ce, "A'a ɗan nan, bar shi, kada a ce mun yi rashin ta-ido." Da mutumin ya sauko, ko sannu bai ce wa kowa ba, sai "Direba, mu je." Ba wanda ya ce uffan. Gwaggo ta samu jirginta, amma da gudu, tana haki, jikanta na jan akwati, matar da likita ya ce ta riƙa bin jiki a hankali. Mai goyon kuwa an rufe kantar tantance fasinjojin jirginta kafin ta isa.

Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu. Amma kunyar da za ta sa mutum biyar su yi shiru mutum ɗaya ya jawo musu asarar tikiti, wannan ba ita iyayenmu suka koya mana ba. Shi ma babban, da an ɗaga waya an ce masa, "Ranka ya daɗe, mota za ta tashi nan da minti biyar, in ba ka shirya ba za mu sama maka wata," ina kyautata zaton da ya sauko. Ba a faɗa masa ba ne, don an ɗauka girmansa ya fi lokacin sauran.

Wanda bai san Legas ba zai ce minti ashirin ko talatin ɗin me? To bari in ɗan zayyana hanyar. Daga Victoria Island zuwa filin jirgi tafiyar ba ta wuce kilomita 30 da wani abu ba. Yawancin direbobi sukan haye gadar Falomo su shiga Ikoyi, su bi ta Osborne su hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kai kilomita 11.8, aka kuma buɗe ta a 1990 zamanin Janar Babangida. A sauka a Oworonshoki, a bi ta Gbagada. Mai fita ƙasar waje ya miƙe Oshodi ya kama titin filin jirgi, mai jirgin cikin gida kuma sau da yawa akan karya ta Anthony da Maryland a bi titin Mobolaji Bank Anthony. In hanya a buɗe take, minti arba'in ya isa. In ta cushe, awa uku ba abin mamaki ba ne.

Cunkoson Legas kuma yana da alƙibla. Da safe jama'a daga Ikorodu, Agege, Iyana Ipaja da sauran unguwanni suke kwararowa cikin Tsibiri wurin aiki, saboda haka mai barin Tsibiri da sassafe shi ne ke tafiya a hannun da babu kowa, yana kallon gosulo a ɗaya hannun. Da yamma abin ya juye. Daga wajen ƙarfe huɗu duk waɗanda suka shigo da safe za su fita, kuma gadoji uku kacal ne manya da za su bi: Carter, Eko da Third Mainland. Motar da ta tashi uku da rabi da wadda ta tashi huɗu da kwata, a agogo minti arba'in da biyar ne tsakaninsu, amma a isa Ikeja tazarar na iya kai awa biyu. Shi ya sa jinkirin da ake yi a ƙofar otal ba ya tsayawa yadda yake, haihuwa yake yi a kan gada. Ranar Juma'a da yamma abin ya fi muni. Haka in ruwan Yuni da Yuli ya sauka titunan Victoria Island da Lekki suka cika, haka watan Disamba da garin ke cika da masu dawowa hutu daga Turai da Amurka. Kuma duk wanda ya hau Third Mainland ya wuce mafitar Adekunle ya hau ke nan. Tirela ko danfo, wato bas ɗin haya, ta lalace a gaba, babu kwanar da za ka karya, ruwa ne hagu da dama.

Tsofaffin Ikko ma sukan tuna mana cewa shi kansa mai sunan filin jirgin, Janar Murtala, a cikin cunkoson motoci aka tare shi a Ikoyi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, motar tana nan ajiye a gidan tarihi na Onikan. Allah Ya jiƙansa. Gosulon garin nan ya girmi yawancinmu.

Da can akwai mafitar da kowa ya sani. In abin ya ƙi, sai ka sauka ka tsayar da ɗan acaɓa, galibi ma yaronmu ne na Arewa, ya ɗora jakarka a kan tanki ya ratsa da kai. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa, Lagos Island da Ikeja, wato farkon tafiyar da ƙarshenta. Jiragen ƙasan da aka kawo kuma ba su ɗauke wannan nauyin ba tukuna. Shuɗin layi daga Marina ya nufi Mile 2, jan layi yana da tasha a Ikeja amma daga Oyingbo yake farawa, bai shigo Tsibiri ba, bai kuma shiga harabar filin jirgi ba. Saboda haka wanda motar otal ta makarar da shi ba shi da wata dabara face ya zauna yana kallon agogo yana salati.

Abu na biyu da ke ɓata tafiyar shi ne zagayen ɗaukar fasinja. Wata motar ba ta otal ɗaya ba ce, ta kamfani ce da ke yi wa otal uku ko huɗu aiki. Ta ɗauke ka a Victoria Island, maimakon ta nufi gada sai ta juya Lekki ɗaukar wani, ta dawo ta tsaya a Ikoyi. Kai da aka fara ɗauka ka yi awa guda a mota ba a bar Tsibiri ba. Ba laifi ba ne a yi zagaye, da shi ne kujerar ke yin araha. Laifin shi ne kada a faɗa maka. Ya kamata tun lokacin biyan kuɗi a ce maka ga wuraren da za a tsaya, ga lokacin da ake sa ran hawa gada, kai kuma ka auna da tikitinka.

Sai batun wurin sauka, wanda a nan baƙinmu suka fi shan wahala. Mutum zai ce wa direba "filin jirgi" kawai, alhali wurin ba ƙofa ɗaya ba ce. Akwai ɓangaren jiragen ƙasashen waje, wanda aka buɗe a 1979. Akwai tashoshin cikin gida biyu: MMA2 da aka buɗe a 2007, da kuma tsohuwar tasha da ake kira GAT. Waɗannan biyun suna kusa da juna, amma tsakaninsu da ɓangaren ƙasashen waje sai da mota, ba tafiyar ƙafa da akwati ba ce. Mai zuwa Kano, Kaduna, Sakkwato ko Yola, ya duba tikitinsa tun da dare ya ga daga wace tasha kamfaninsa ke tashi. Idan motar ta haɗa mai tafiya Jidda da mai tafiya Kano, dole a fara sauke ɗaya, kuma bai kamata a bar wannan hukunci ga wanda ya fi ɗaga murya a cikin mota ba. Wanda kantarsa ta fi kusa rufewa shi za a fara kaiwa. Direba ya tambayi lokacin kowa tun kafin ya tayar da mota, ba sai an kai Oshodi a fara gardama ba.

Ina kuma jan hankalin 'yan uwana matafiya, don ba duka laifin ke kan otal ba. Mu ne masu kaya. Mutum ya zo da jaka ɗaya, ya shiga Balogun da Idumota ya koma da buhu uku na atamfa da leshi da takalma, tsarabar gida. Kujera ɗaya ya biya, kayansa sun cinye but, na sauran fasinja a kan cinya. A faɗa wa otal yawan kayan tun da wuri, in na ƙarin kuɗi ne a biya, in kuma sun fi ƙarfin motar a yi shata, araha ba ta ado. Sallah ma a tsara ta. In motar asuba ce kuma za ta tashi kafin alfijir ya keto, a yi alwala a ɗaki a fito, akwai wurin sallah a filin jirgin. In ta yamma ce, a yi La'asar kafin a sauko, matafiyi ma yana da rangwamen haɗa ta da Azahar. Abin da ba shi da kyau shi ne a jira sai mota ta cika sannan a ce a dakata za a yi alwala, a ja wa addini zagi wurin waɗanda ba su san shi ba. Sannan kada wanda ya dogara da cewa ai jiragenmu ba sa tashi a kan lokaci. Gaskiya ne ana yawan jinkiri, musamman da hunturu idan hazo ya rufe Kano da Maiduguri. Amma kanta a kan lokacinta ake rufe ta, ko da jirgin bai ma iso ba.

Ga masu otal, roƙona bai da tsada. A rubuta lokutan tashin mota a manna inda kowa zai gani. A kira ɗakin kowane fasinja saura kwata. Lokaci ya yi, mota ta tashi, ko da mutum biyu ne a ciki. Wanda ya makara a sama masa wata motar da kuɗinsa, komai girman rigarsa. A kuma ba direba da mai karɓar baƙi tabbacin cewa ba za a kore su daga aiki ba don sun bi agogo, saboda yaron da na yi magana da shi ranar nan ba mugunta ce ta hana shi ba, tsoron manaja ne. Motar yamma kuma a matso da ita gaba, ta bar Tsibiri kafin ƙarfe uku, ko da fasinja zai yi zaman jira a Ikeja.

Malam Edita, da za ka tura wakilinka na Legas ya bi ɗaya daga cikin motocin nan ranar Juma'a da yamma, daga ƙofar otal har Ikeja, ya rubuto abin da ya gani, da masu otal sun fi saurin ji fiye da wasiƙata. In ya zo, ya neme mu a Agege, akwai masauki.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Agege, Legas