Rahoton Ayyukan Ƙungiya Na Shekara, Daga Sakatare

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa editoci da masu kyamara.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi da muka ɗage.

Babban aikinmu na bana shi ne taron bita kan matsalar da ta addabi kusan kowa a cikinmu. Ka zuba hoton kyamarar HD a manhaja, ka fara yanka, sai kwamfuta ta daskare ko manhajar ta rufe kanta, ga mai biki tsaye a ƙofar shago. Mun yi bitar bayan Babbar Sallah a ofishin ɗaya daga cikin iyayenmu a Zoo Road da ke Kano, kowa ya zo da kwamfutarsa. Ɗakin ya cika har wasu suna leƙe ta taga. Allah Ya saka wa Alhaji da alheri, bai karɓi ko sisi ba, man janareta ma shi ya zuba.

Malamin da ya jagoranci bitar ya fara ne daga tushe. Yawancin kyamarorinmu na biki suna ɗauka ne da tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, shi ne fayil ɗin da ke ƙarewa da MTS. An matse hoton sosai don ya shiga memori. Kyamara takan ajiye hoto ɗaya cikakke, na bayansa kuma abin da ya canza kaɗai take rubutawa, shi ya sa duk lokacin da edita ya ja gaba ko baya sai kwamfuta ta sake haɗa hoton da kanta. Tsohuwar kwamfuta a nan take sarewa. Maganin shi ne a juya hoton zuwa tsarin ProRes ko DNxHD, waɗanda ba a matse su sosai ba, kafin a fara aiki, kuma manhajar Shutter Encoder na yin wannan kyauta, sai dai fayil zai kumbura. Wanda ba shi da wurin ajiya ya sa manhajar yanka ta Premiere Pro ta yi masa ƙaramin kwafi mara nauyi ya yanka a kai, a ƙarshe ya fitar da aiki daga na asali.

Ya kuma ja kunnen masu kutsawa cikin memori su tsamo fayilolin MTS kaɗai. Memori mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, don haka doguwar ɗauka irin ta wa'azin walima ko Hawan Daushe kyamara ke rarraba ta. In aka baro sauran bayanan, sauti kan yanke a wurin haɗin. A kwashe jakar da ke cikin memorin mai suna PRIVATE gaba ɗayanta. Hoton waya da dangin amarya ke turowa kuwa gudunsa, wato yawan hotunan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, ba ya tsayawa a lamba ɗaya, shi ke sa baki ya saɓa da murya. A bi da shi ta manhajar HandBrake a tsayar da shi a hotuna 25 a daƙiƙa.

Abin da ya fi faranta mini rai ya faru bayan azahar. Wani ƙaninmu ya zo da aikin kamu da ya ƙi fita, kullum sai ya kai rabi kwamfutar ta mutu. Aka kwance ta a gaban kowa, sai ga ƙurar hunturu ta toshe fanka ta dunƙule kamar auduga. Aka goge, aka share tarkacen da manhajar ta tara, aka sake sakawa. Kafin la'asar aiki ya fita lafiya, ɗaki ya ɗauki kabbara.

Kwamfutar haɗaka da muka yi alkawari ba ta samu ba, kuma na ji ƙorafin da ake yi a bayan ido. Mun tsara mai RAM 16GB da ma'ajiyar fayil mai sauri ta SSD da katin hoto mai ƙarfi, da inbata saboda ɗauke wuta a tsakiyar aiki ma na lalata fayil. Kwamiti ya je kasuwar titin Beirut da ke Kano ya yi ciniki, amma tsakanin kiyasi da tara kuɗi dala ta tashi, kaya suka bi ta. SSD kaɗai muka iya saya, yana hannun ma'aji da rasit ɗinsa, mai so ya zo ya duba. Ba a ci kuɗin kowa ba, kuɗin ne ba su shigo ba. Akwai waɗanda ba su biya na wata ko ɗaya ba a bana, amma ranar bita su ne a sahun gaba, kuma su ne ke bugo waya tsakar dare aiki ya maƙale. Ni ma ina da shago da iyali. Bin mutane shago-shago kan kuɗin da su da kansu suka amince da shi ya gajiyar da ni.

Katin shaida ma ya tsaya saboda har yanzu wasu ba su kawo hoton fasfo ba, mai bugawa kuma ya ce sai sun cika zai yi mana rangwame.

Shugabanni sun yanke cewa duk wanda ake bi bashi ya biya ma'aji kafin taron wata mai zuwa, domin a ranar za a karanta sunaye. Bita ta gaba kan gyaran launi ce, kuma sai mai rasit zai shiga. Wanda ya ari na'urar karanta memori ta ƙungiya ya taho da ita.

Wassalamu alaikum.
Sakatare