Ɗacin shayi, sukari da ƙiba: a duba al'amarin da idon basira

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan dangantakar da ke tsakanin nauyin jikin mutum da yadda ransa yake karɓar abin sha mai ɗaci.

Mutane ba su jin ɗaci daidai wa daida. Tun a shekarar 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Arthur Fox, ya gano cewa akwai sinadarin da wasu ke jin ɗacinsa ƙwarai, wasu kuwa ba su jin komai, kuma daga baya aka tabbatar cewa wannan bambanci gado ne. Sannan a 2013 mujallar Appetite ta buga wani ƙaramin bincike da aka yi ta hanyar ɗaukar hoton fuskokin mutane suna kurɓar ruwan garehul, wato wani irin lemo mai ɗaci, da cakulan mai ɗaci, inda aka ga masu jiki sun fi sirara yamutsa fuska da nuna ƙyama. Binciken bai ce ƙin ɗaci ne ke haifar da ƙiba ba, kuma bai kamata wani ya ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Amma duk wanda ya san zaman fada a nan Tawa ya ga inda maganar ta shafe mu. Idan aka sauke shayi na fari daga kan gawayi, baƙi wuluk da kumfa a samansa, za ka ga wani ya shanye bai ko ƙifta ido ba, na kusa da shi kuwa ya ɓata rai, ya miƙa kofin yana cewa, "Malam, ƙara sukari." Mai buta ya ƙara, na biyu da na uku su zo sun fi zaƙi, a kuma sake ɗora wata butar bayan la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jikinsa ke samu daga abinci, wato wajen giram 50, kuma wanda yake kashe ɗaci da sukari a kowane zagaye yana iya wuce wannan ma'auni tun azahar ba ta yi ba. Irin wannan mutum shi ne kuma yake ture yalo da miyar shuwaka gefe.

A ganina, kuskure ne a riƙa yi wa mai ƙiba gorin kwaɗayi alhali harshensa ne ke gaya masa abin da namu bai gaya mana ba. Harshe yana sabo, domin babu yaron da aka haifa da son goro, kuma rage sukari kaɗan-kaɗan ya fi hana shi dare ɗaya ɗorewa. Ina kira ga jaridarku ta gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa matasan fada da matan gida bayanin adadin sukarin da ya dace da buta ɗaya, da ma'aunin da kowa ya sani, wato cokali da kofin shayi.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Tawa