Lauyoyin bogi da dillalan biza a Legas: dokokinmu na zuwa ne bayan kuɗi sun tafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in yi magana a kan wata ɓarna da ta daɗe tana cin dukiyar mutanenmu a nan Legas, wato damfarar da lauyoyin bogi da dillalan biza suke yi wa masu neman fita ƙasashen waje. Da can jin labarin nake yi a majalisa bayan sallar isha'i, sai ga shi abin ya faɗo cikin gidana.

Ɗan ƙanwata yaro ne mai neman na kansa, ya yi shekaru yana acaɓa tsakanin Agege da Ikeja har zuwa 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta hana haya da babur a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja. Da hanyar abincinsa ta toshe, sai wani abokinsa ya haɗa shi da wani mutum da kowa ke kira Barista, wanda aka ce yana fitar da mutane Ingila. Na raka shi ofishin sau ɗaya. Ɗaki ne a saman bene mai sanyin na'ura, ga ƙananan tutocin Ingila da Kanada a kan tebur, ga baƙar rigar lauya rataye a bayan kujera, ga kuma takardar rajistar kamfani ta hukumar CAC cikin gilashi a jikin bango. Ba zan ɓoye ba, ni kaina da furfurata abin da na gani ya kwantar mini da hankali, har na ce wa yaron, "Ɗana, wannan da alama mutumin kirki ne." Ya sayar da baburansa biyu, mahaifiyarsa ta sayar da filinta a gida, aka haɗa naira miliyan 2 da dubu 400 aka miƙa. A ƙasan rasidin da aka ba shi akwai wani layi da ƙananan haruffa mai cewa kuɗin shawara ne kuma ba a mayarwa, amma a ranar babu wanda ya kula da shi.

Bayan wata uku amsa ta fito, ya kawo mini wayarsa in karanta masa saboda Turancinsa bai kai can ba. An hana shi biza, dalili kuwa shi ne takardar bayanin asusun banki da takardar shaidar aiki da aka haɗa da fom ɗinsa duk na jabu ne. Ashe an rubuta cewa shi manaja ne a wani kamfani da bai taɓa jin sunansa ba, a cikin fom ɗin da bai taɓa gani da idonsa ba. A ƙa'idar Ingila, wanda aka samu da yaudara a neman biza ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10. Kanada shekara 5 take yankewa, Amurka kuwa tana iya haramta wa mutum shiga har abada. Wannan hukunci a kan mai fasfo yake faɗawa, shi kuwa wanda ya ƙirƙiro takardun yana nan zaune a ofishinsa yana jiran wani.

Ba wai Nijeriya ba ta da doka ba ne. Dokar hana damfara ta 2006, wadda hukumar EFCC ke gurfanar da mutane da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya, ba tare da zaɓin tara ba, ta kuma ba kotu ikon sa shi ya mayar da abin da ya ci. Doka ce mai tsauri, sai dai kafin ta yi aiki dole a tabbatar wa alƙali cewa tun farko da niyyar cuta aka karɓi kuɗin. A nan ne ɗan layin nan na ƙasan rasidi yake yi wa macuci rana, domin zai ce shi shawara ya sayar, kuma ba shi ne ke ba da biza ba. Mu ma da muka kai ƙara, jami'in da muka samu ya duba rasidin ya ce wannan ai maganar ciniki ce, mu je mu sasanta.

Akwai kuma dokar aikin lauya ta 1975, wadda ta haramta wa wanda sunansa ba ya cikin kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli ya kira kansa lauya. Ta ambaci ɗauri har na shekara biyu a wasu laifuffukan, amma tarar da aka rubuta a cikinta ba ta wuce naira 200 ba, kuɗin da yau ba zai kai mutum Oshodi daga Agege ba. Ko da an gyara wannan ma, yawancin waɗannan mutane sun yi wayo, ba sa rubuta kalmar lauya a allon ƙofarsu, sai su ce su masu ba da shawara ne a kan tafiye-tafiye, su bar rigar da ke rataye da bakin jama'a su yi musu talla. Takardar CAC ɗin da ta ruɗe ni kuwa, abin da take nunawa kawai shi ne an yi wa sunan kamfani rajista, ba ta shaidar cewa mai shi ya san dokar shige da fice ta wata ƙasa.

Ƙasashen da mutanenmu ke hanƙoron zuwa sun daɗe da gane cewa a bakin ƙofa ake tare wannan cuta. Ingila ta kafa doka tun 1999 wadda ta mayar da ba da shawarar shige da fice ba tare da izini ba laifi mai zaman kansa, da hukuncin da ke iya kaiwa shekara biyu a kurkuku, ko da ba a tabbatar an cuci kowa ba. Kanada tana da hukumar da ta fara aiki a 2021 mai ba wa masu wannan sana'a lasisi, kuma sunayensu na nan a intanet, kowa na iya dubawa kafin ya fitar da ko sisi. Amma jami'in Ingila ba zai hau bene a Ikeja ya kama kowa ba, wannan aikin namu ne.

Abin da nake roƙon Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 2006 muna da hukumar alhazai ta NAHCON, wadda ke ba kamfanonin jigilar Hajji da Umara lasisi, tana kuma iya ƙwace shi. Ma'aikatar Ƙwadago ma tana ba kamfanonin da ke samar wa mutane aiki lasisi. Me zai hana a yi irin wannan ga duk mai karɓar kuɗi da sunan nema wa wani biza? A tilasta masa yin rajista, ya ajiye kuɗin jingina da za a biya wanda ya cuta daga ciki, a wajabta masa ba mai nema kwafin duk takardar da ya tura da sunansa, sannan buɗe shago ba tare da lasisi ba ya zama laifi tun kafin wani ya yi asara. Da an damƙa wa ɗan ƙanwata kwafin fom ɗinsa, da ni da na karanta masa na ga kalmar manaja tun ranar farko.

Mu ma muna da namu laifin, gaskiya ɗaya ce. Da yawa cikinmu idan aka cuce su sai su ce ƙaddara ce su yi shiru, wasu don kunya, wasu kuma don sun san an ɗan yi ƙarya a takardunsu da saninsu, suna tsoron kada ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Wasu sukan kai maganar gaban shugabannin unguwa a yi sulhu, a karɓi rabin kuɗi a rufe zancen, macucin ya ci gaba da harkarsa. Har yanzu kuma ana karɓar kuɗin mata da alƙawarin aikin gida a Saudiyya a tura su da bizar Umara, alhali bizar Umara ba ta ba kowa izinin aiki, sai mace ta wayi gari tana ɓuya ba ta da igama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Haka nan akwai masu karɓar kuɗin cacar bizar Amurka, duk da cewa an cire Nijeriya daga cikinta tun zagayen 2015.

Ina roƙon ka tura wakilinku ya zaga Ikeja da Agege da Idi-Araba ya ga yawan allunan nan da idonsa, ya kuma tambayi ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa hanyar da wanda bai iya Turanci ba zai bi ya tantance lauya. Mu dai da muka koma wancan benen a watan jiya, mun tarar an cire allon, mai sayar da kayan waya ne ya kama ɗakin, kuma fasfon yaron har yau bai dawo hannunsa ba.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Agege, Legas.