Ilektron ƙwaya ne ko igiya?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni fili in ɗan yi magana kan abin da yara ke haddacewa a ajin fiziks ba tare da an gaya musu yadda aka yi ba, wai ilektron, wato ɗan mitsitsin abin nan da ke cikin atam mai ɗauke da cajin lantarki, ƙwaya ne kuma yana tafiya kamar igiyar ruwa, duka biyun. A 1924 wani Bafaranshe Louis de Broglie ya rubuta a kundin digirinsa na uku cewa ba haske kaɗai ke da wannan hali biyu ba, duk abin da ke da nauyi yana motsi to yana da tsawon igiyarsa, kuma in nauyi da gudu suka ƙaru igiyar sai ta gajarce, shi ya sa ba za ka taɓa ganin ta a jikin ƙwallo ko mota ba, ta yi ƙanƙanta ƙwarai.

To ba surutu ba ne fa. A 1927 wasu masana fiziks biyu, Davisson da Germer, a Amurka suka harba ilektron kan ƙarfen nikel, ya watsu da tsari irin na igiyoyi. Abin da ya fi ba ni dariya ma, J.J. Thomson ya ci kyautar Nobel a 1906, shi ne ya gano ilektron a matsayin ƙwaya, ɗansa George kuma ya ci tasa a 1937 don ya nuna igiya ne, kuma wallahi ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Madubin ƙara girma mai aiki da ilektron, wanda ake ganin ƙwayar cutar bairos da shi, a kan wannan hali na igiya da ilektron ke da shi ya dogara. Ku riƙa ware mana shafin kimiyya ko sau ɗaya a wata mana.

Naku,
wani malamin sakandare, Zariya