A tausaya wa kunkurun Sahel a shagunan dabbobi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kukan kunkurun Sahel, irin wanda ke haƙa rami a dazukan Nijar, Chadi da Sudan. A shagunan sayar da dabbobin gida na Amurka da Turai, ana sayar da 'ya'yansa tun ba su cika tafin hannu ba.

Sai ka ga an cusa su cikin akwatin gilashi, babu rana, babu fitilar da za ta maye gurbinta, abinci kuma ganyen latas kawai. Shi kuwa ciyawa yake ci, kuma sai da hasken rana jikinsa ke amfana da sinadarin kalsiyam. In ya rasa, ƙoƙon bayansa ya yi laushi, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Mai shago, don neman ciniki, ba ya gaya wa mai saye cewa wannan ɗan abu zai iya wuce kilo 40, ya kuma haura shekara 50.

Tun 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji don kasuwanci, amma hannunta bai kai cikin shago ba. Ya kamata likitocin dabbobi su riƙa leƙa shagunan, a ƙwace lasisin duk wanda ya wulaƙanta su.

Naka,
Mai karatu daga Damagaram